Cokali Nawa?

Shekara ashirin da biyu ina tambayar mutane
a bakin Ƙofar Marke, tun rana ba ta ɗaga ba:
cokali nawa?
Modi direba huɗu ne, ba ragi.
Telan nan mai tari, uku da rabi.
Ni kuwa ban taɓa ƙirga wa kaina ba,
mai rijiya ba ya auna ruwan wanka.

Sai ƙishirwa ta tare a maƙoshina,
randa guda ba ta kai ni asuba.
Dare ya koma hanya tsakanin shimfiɗa da bayan gida.
Wando ya fara zamewa daga ƙugu,
tururuwa kuwa ta riga likita sani.

A asibiti wata yarinya, sa'ar Hajo tawa,
ta soki yatsana, ta dubi na'ura,
ta dube ni, ta sake duban na'ura.
Ta ce, Baba Labbo, me kake ci?
Na ce, abin da Sakkwato ke ci.

Ta zana faranti, ta raba shi da alƙalami:
rabi ganye, sauran rabin a kasa biyu,
nan wake ko kifi, nan tuwo, daidai dunƙulen hannunka.
Na dunƙule hannu na duba.
Ban taɓa sanin hannuna ƙarami ne haka ba.

Ige ce ta ɗaura ɗamarar yaƙin.
Ranar farko ta janye ƙwarya, ta ce,
hurag ga ba taka ta ba.
Ta miƙo nono tsura, da ɗan dawo kamar ƙwan zabuwa.
Na yi fushi har la'asar.
Yanzu kwaɗon zogale ke fara sallama gabana,
sure da tafasa, gasasshen kifin Rima in aljihu ya yarda,
dambun da ganye ya rinjayi tsaki.
Tuwon dawa malmala guda,
miyar kuɓewa ta raka shi har ya manta shi kaɗai ne.

Wuyar tana bayan azahar,
sa'ad da mai rake ke tsayar da baro a gabana
yana fere shi fari fat, kamar da gayya.
Yarinya mai tallar alkaki ta san sunana.
Sai in zura hannu aljihu:
gyaɗa cikin tafi ɗaya, ba ƙari,
yalo biyu, ko dafaffen ƙwai daga teburina,
in tauna a hankali ina kallon wani gefe.

Masu ba da magani ba su ƙarewa.
Wannan ya ce shuwaka, wancan ya ce garahuni,
wani ya rantse da saiwar da kakansa ya haƙo a dajin Gundumi.
In yi godiya, in haɗiye ƙwayata da ruwa.

A ɗaya aljihun akwai dabino uku ƙulle a leda.
Ba na marmari ba ne.
Na ranar da hannu zai kama rawa ne,
gumi mai sanyi ya karyo, gari ya yi dishi-dishi.
Sau biyu suna tashi na daga ƙasa.
Zaƙin da ya kayar da ni, shi ya ɗaga ni.
Wannan lissafi na bar wa Mai sama.

Ran sunan jikata aka kawo masa da zuma.
Na ɗauki guda. Ige ta gani, ta kau da kai.
Na ci rabi,
na taka har Rijiyar Ɗorowa na dawo.

Jiya Modi ya zauna a benci, ya shanye ruwan butata,
ya ce kwanan nan ƙishirwa ta hana shi barci.
Na tsayar da cokali bisa kofinsa.
Na ce, Modi, cokali nawa?
Ya ce, kai ma ka sani.
Na zuba biyu, na tura masa gyaɗa.
Na ce, gobe in ka sauke fasinjan Illela,
kashe mota, zo in raka ka wani wuri.